Masu gwajin bindiga a Amurka: yadda bakin mutum ɗaya ke juya kasuwa

A farkon shekarar 2014 kamfanin Remington, wanda ke ƙera bindigogi tun 1816, ya fito da wata ƙaramar bindigar hannu mai suna R51. Kafin ta shiga shaguna sai da kamfanin ya gayyaci marubutan mujallun bindiga zuwa wata makarantar koyon harbi da ake kira Gunsite a jihar Arizona, aka zube musu harsasai suka yi ta harbi, suka koma gida suna zuba mata yabo. Mujallu suka cika shafukansu da hotunanta, masu saye suka ƙosa ta fito. Da ta iso hannun jama'a sai labari ya sha bamban. Wata ta cije, wata ta ƙi jawo harsashi daga gidansa, wata ta mintsini hannun mai ita, wata kuma ana iya tayar da ita alhali ba ta gama rufewa ba, wanda shi ne ya fi tayar da hankali. Waɗanda suka fasa ƙwan su ne irin su Nick Leghorn na shafin The Truth About Guns da Tim Harmsen mai tashar Military Arms Channel a YouTube, waɗanda suka gwada irin wadda ake sayar wa kowa, suka nuna abin da suka gani ba ragi. A watan Yulin shekarar Remington ya dakatar da ita, ya ce duk wanda ya saya ya dawo da ita a musanya masa. Ba ta sake fitowa ba sai 2016, kuma ko da ta dawo sunanta ya riga ya ɓaci.

Tun daga nan kan mage ya waye. Masu sayen bindiga da kayanta a Amurka suka ƙara sakankancewa cewa gaskiyar kaya tana wurin wani mutum da ke tsaye a filin harbi da kyamara a gabansa. Yardar da suka ba waɗannan mutane tana da dalili mai ƙarfi. Matsalar ita ce an ɗora wa mai gwajin kaya ayyukan da ba sa shan inuwa ɗaya: shi ne mai duba ingancin kaya a madadin hukuma, shi ne kuma hanyar tallan da ta rage wa kamfanoni.

A Najeriya, inda dokar makamai ta 1959 ta sa sai da lasisi daga shugaban ƙasa ko hukumar 'yan sanda mutum zai mallaki bindiga, wannan magana za ta zo wa mai karatu banbaraƙwai. A Amurka kasuwa ce kamar ta motoci. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun fararen hula a ƙasar, wato sun fi mutanenta yawa. A 2020, shekarar annobar korona da zanga-zangar kisan George Floyd da zaɓe mai zafi, ƙungiyar masana'antar bindiga ta NSSF ta ce mutum miliyan 8.4 ne suka sayi bindiga karon farko a rayuwarsu. Da yawansu ba su tashi a gidan da uba ko kawu ke farauta ba, balle su sami wanda za su tambaya. Wayarsu suka tambaya.

Shi kuwa wannan kaya ba a saye a mayar. Da zarar mutum ya cike takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, an binciki tarihinsa, an miƙa masa bindiga, galibin shaguna ba za su karɓe ta ba idan ya dawo yana ƙorafi. Ta zama ta hannu, sai dai ya aika wa kamfani gyara ko ya karyar. Harsashi ma haka yake. Akwai filayen harbi da ke ba da hayar bindiga mutum ya ɗana, amma harsashi hamsin ba zai gaya maka abin da za ta yi bayan dubu biyu ba. Saboda haka duk binciken da mai saye zai yi, kafin ya biya zai yi shi, da idon wani.

Sannan ga giɓin da ya fi kowane girma, wanda ko Amurkawan ma da yawa ba su san da shi ba. Akwai hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayan masarufi, CPSC, wadda aka kafa a 1972. Tana da ikon sa a janye gadon jariri ko injin gasa burodi daga kasuwa idan ya zama haɗari. Tana iya janye bindigar roba ta wasan yara. Amma bindigar gaske da harsashinta, majalisa ta cire su daga hurumin hukumar, ta kuma ƙara ƙarfafa hanin a 1976. Ɗan majalisar da aka fi dangantawa da wannan aiki shi ne John Dingell na jihar Mishigan, wanda a lokacin yana cikin masu gudanar da ƙungiyar NRA mai fafutukar kare haƙƙin mallakar bindiga. Ma'anar wannan ita ce babu hukumar da za ta tilasta wa kamfani ya janye bindiga mai aibi. Ƙa'idojin gwaji da ake da su na wata ƙungiya ce mai suna SAAMI, wadda kamfanonin da kansu suka kafa a 1926, kuma bin su ganin dama ne. Tuwona maina ke nan.

Abin da ya faru da bindigar P320 ta kamfanin SIG Sauer a 2017 ya nuna yadda masu gwaji ke cike wannan giɓi. A watan Janairun shekarar rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi wani nau'inta ya zama bindigar hannun sojoji, a kwangilar da ta kai dala miliyan 580. Babu tallan da ya kai wannan. A watan Agusta sai wani shagon sayar da bindigogi a jihar Texas mai suna Omaha Outdoors ya saki bidiyo. Wani ma'aikacinsu, Andrew Tuohy, yana sakin bindigar ta faɗi ƙasa bakinta na kallon sama, ta daki ƙasa da ƙeyarta a ɗan karkace, sai ta tashi ba wanda ya taɓa kunama. Nauyin kunamar ne da kansa ke ci gaba da tafiya baya idan jikin bindigar ya tsaya cak. Bindigar ta ci gwajin faɗuwa na masana'antar, domin gwajin bai haɗa da wannan kusurwar ba. Shagon ya daina sayar da ita. Cikin kwanaki kamfanin ya ba da sanarwar zai sauya wa duk mai so kunamar da wasu ƙananan sassa kyauta, yana mai jaddada cewa gyara ne na son rai, ba janye kaya ba. Abin da hukuma ba ta da ikon yi, bidiyon 'yan mintoci ya yi.

Ta ɓangaren kamfanonin kuma, ƙofofin talla a rufe suke. Google ba ya karɓar tallan bindiga da harsashi, Facebook da Instagram ma haka. A ƙarshen 2013 aka ƙi karɓar tallan kamfanin Daniel Defense a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, wanda ya fi kowane shiri masu kallo a ƙasar. Wanda kuma ya yi tallan da kansa yana iya jawo wa kansa shari'a: a Fabrairun 2022 kamfanonin inshorar Remington suka amince su biya iyalan wasu daga cikin waɗanda wani ɗan bindiga ya kashe da bindigar kamfanin a makarantar Sandy Hook dala miliyan 73, kuma ƙarar a kan salon tallan bindigar aka gina ta. Kamfanin da ke da sabon kaya, ba shi da allon talla, yana kuma tsoron lauyoyi, me ya fi masa sauƙi irin ya aika wa wani mai mabiya miliyan ɗaya kayan a akwati?

Kafin zuwan waɗannan mutane, mujallu ne ke riƙe da wannan fage, irin su Guns & Ammo da aka fara bugawa a 1958. Tsarinsu sananne ne. Kamfani zai ba marubuci aron bindiga ya gwada, idan ya gama ya mayar ko ya saye ta da rangwame. Kamfanin nan dai shi ne mai sayen shafukan talla a mujallar. Idan bindiga ta ba da matsala, abin da aka saba shi ne a mayar wa kamfani a yi shiru, ko a aiko da wata da aka gyara. Ba lallai a yi ƙarya ba. A dai ƙi buga mummunan labari. Sai ya zama mai karatu bai taɓa cin karo da bindigar banza a mujalla ba. Akwai wata mai suna Gun Tests da ta ƙi karɓar talla tun 1989, tana rayuwa da kuɗin masu karatu, amma ita ɗaya tamkar da dubu ba ta zama ba. Ƙarama ce a gaban sauran.

To ta yaya mutum ke samun yardar miliyoyin da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba? Dubi Greg Kinman, wanda aka fi sani da Hickok45, tsohon malamin makaranta ne mai koyar da Turanci a jihar Tennessee. Dogon dattijo ne, yana tsaye a bayan gidansa cikin itatuwa, gabansa tebur, can nesa farantan ƙarfe da robobin lemo a jere. Zai loda bindiga yana hira kamar maƙwabci, ya harba, ƙarfe ya yi ƙara, ya yi dariya. Ɗansa ne ke riƙe da kyamara, kuma sau da yawa ba a yanka hoton. Idan bindiga ta cije a tsakiya, kowa ya gani. Rashin yankan nan shi ne jarinsa. Mutumin da ya yi shekara goma yana kallonsa yana ji kamar ya san shi, ya san ba ya gaggawa, ba ya ihu, ba ya cika baki.

Marigayi Paul Harrell, tsohon soja da ya rasu a Satumban 2024 bayan fama da cutar daji, wata hanya ya bi. Idan zai gwada harsashi sai ya haɗa abin harbi da kansa: fata a gaba, haƙarƙarin alade a bayanta, jakar lemon zaƙi a tsakiya a madadin huhu, sai tarin barguna a ƙarshe su tare harsashin. Ya harba, ya zo ya warware komai a gaban kyamara, ya ɗaga harsashin ya nuna ko ya buɗe ko bai buɗe ba, ya auna gudunsa da na'ura ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya. Abin yana da gundura, kuma gundurar ce ta sa aka yarda da shi. Ya kan ƙare da barin mai kallo ya yanke wa kansa hukunci. Kafin ya rasu sai da ya naɗi bidiyon sanar da mutuwarsa, aka sake shi bayansa, miliyoyi suka kalla.

Amma inda bakin waɗannan mutane ya fi yanka ba a kan bindigar kanta ba ne, a kan kayan da ake jingina mata ne. Bindiga sau ɗaya ake saye, ta kuma yi shekaru. Kayan ɗori kuwa ba su da iyaka: kuben da ake soke ta a ƙugu, tocilar da ake maƙala mata, madubin saiti, gidajen harsashi, maratayi, abin toshe kunne, rigar sulke, akwatin ajiya. Tun da sojan Amurka ya daidaita wani layin ƙarfe mai haƙora a 1995, wanda ake kira Picatinny, kowane kamfani yana iya ƙera abin da zai hau bindigar wani. Da dokar da ta taƙaita sayar da bindigogi irin na yaƙi ta ƙare a 2004, ga kuma sojoji na dawowa daga Iraƙi da Afganistan da irin kayan da suka saba da su, sai kasuwar AR-15, doguwar bindiga mai fasalin ta soja, da kayanta ta buɗe. Ba abin mamaki ba ne ka ga kuɗin kayan ɗorin sun zarce kuɗin bindigar. Kuma yawancinsu ana sayensu ta intanet a kawo har ƙofar gida, ba takarda ba bincike, ba kuma mai shago a tsakani da zai ce wani abu. Daga bakin mai gwaji zuwa katin banki, ba kowa.

Misali mafi kyau shi ne madubin saiti mai jan ɗigo da ake ɗora wa ƙananan bindigogi. Shekaru da dama na kamfanin Trijicon da ke Mishigan ne ake ɗauka na gaske, sauran kuwa, musamman na Sin, ana kallonsu tarkace. Wani mai koyar da harbi, Aaron Cowan na Sage Dynamics, ya ɓullo da gwaji mai sauƙin ganewa. Duk bayan harsashi 500 zai ɗaga bindigar daidai kafaɗarsa, madubin na kallon ƙasa, ya sake ta ta faɗi a kan kankare. Ya ɗauka, ya duba ko gilashin ya tsage, ya harba ya ga ko saitin ya goce. Masu tsada da dama sun fashe a gaban kyamara. Wasu daga cikin na Holosun, da ake ƙerawa a Sin kuma suka fi araha nesa ba kusa ba, sun jure. Ba zan ce shi kaɗai ya ɗaga kamfanin ba, domin araha da kanta tana sayar da kaya, amma ya cire wa masu saye kunyar riƙe abin Sin, har 'yan sanda suka fara ɗora shi a bindigogin aiki. A 2020 Trijicon ya kai ƙarar Holosun kan satar fasali, daga baya suka sasanta. Ba a kai ƙarar wanda ba ya ci maka kasuwa.

Wani lokacin ma abin ya wuce ba da shawara. A 2017 Ian McCollum na tashar Forgotten Weapons da Karl Kasarda na tashar InRange suka haɗa wata AR-15 mara nauyi yadda suke ganin mai ƙirƙirarta Eugene Stoner zai yi da yana raye. Masu kallo suka yi ta kwaikwayo, har daga baya kamfanin Brownells ya shiga sayar da ita a haɗe. Masu gwajin kaya sun koma masu zana kaya.

Yanzu sai maganar kuɗi, inda ta ciki ke ciki. Gwajin bindiga aiki ne mai cin kuɗi. Harsashi dubu na ƙaramar bindiga ya kan haura dala ɗari biyu ko da kasuwa na kwance, a 2020 da 2021 kuwa ya ninka. Mai son a ɗauki gwajinsa da daraja sai ya ƙona dubu biyu ko fiye, ga kuɗin bindigar, ga fili, ga mai ɗaukar hoto. YouTube kuma ya daɗe yana hana bidiyon bindiga kuɗin talla. A Maris 2018 ya haramta sa hanyar da za ta kai mai kallo kai tsaye shagon sayen bindiga, a Yunin 2024 ya ƙara tsaurarawa da iyakance shekarun masu kallon wasu bidiyoyin. To wa zai biya? Wasu, kamar InRange, sun jingina da gudummawar masu kallo duk wata. Mafi yawa sun jingina da masana'antar. Hickok45 bai taɓa ɓoye cewa shagon Buds Gun Shop ne ke ba shi aron bindigogi, kamfanin Federal kuma ke ba shi harsashi ba. Wasu kuwa suna karɓar kuɗi kai tsaye, ko su ba mai kallo wata kalmar rangwame da zai rubuta wurin biya. Kalmar nan ba don rangwamen kawai aka yi ta ba, ita ce ke gaya wa kamfani adadin cinikin da bakin wane ya kawo.

Shafukan da ke jera maka "kube goma mafi inganci na bana" galibi da la'ada suke rayuwa: ka latsa, ka saya, a yanka musu wani kaso kaɗan cikin ɗari. Dillali a kasuwar shanu ya san idan ya sayar maka da saniya mai ciwo gobe ba za ka neme shi ba, shi ya sa na kirkinsu ke tsare sunansa. Amma duk kirkinsa ba ya samun ko kwabo ranar da ya ce maka ka koma gida da kuɗinka, wadda kake da ita ta ishe ka. Haka mai la'adar intanet yake. Kayan da ba su da tsarin la'ada kuwa, ko sun fi kowane kyau, da wuya su shiga jerin.

Doka ta ce a bayyana. Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta a 2009 domin su haɗa da masu rubutu a intanet: duk wanda aka ba kaya kyauta ko kuɗi sai ya faɗa. Ta sake sabunta su a 2023, a 2024 kuma ta haramta sharhin bogi. Da yawa suna faɗa ɗin, cikin daƙiƙa biyar a farkon bidiyo, sannan su ƙara da cewa hakan ba zai shafi ra'ayinsu ba. A ganina mafi yawansu da gaske suke, ba sa zama su shirya ƙarya. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shiru ne. Kayan da ya ba da kunya sai a kira kamfani a waya, a aiko da wani, ko bidiyon ya ƙi fitowa gaba ɗaya. Wanda ya cika caccaka, baɗi ba zai ga takardar gayyata zuwa ranar gwajin sababbin kaya da ake yi gab da bajekolin SHOT Show na Las Vegas kowace Janairu ba, abokan gasarsa kuma su riga shi sakin bidiyo. Cutar da ta kama mujallu ita ce ta biyo waɗanda suka gaje su, ta wata ƙofar. Mai kallo yana ganin abin da aka gwada aka yaba, ba shi da hanyar sanin abin da aka gwada aka binne.

Ko da an cire kuɗi, akwai iyakar abin da mutum ɗaya da kaya ɗaya zai gano. Na'urar saiti ta EOTech ta yi shekaru tana shan yabo, sojoji na musamman suna amfani da ita, fararen hula na saye saboda su. A Nuwamban 2015 kamfanin L-3 mai ita ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 25.6 domin kashe ƙarar da ke cewa ya san saitin na gocewa cikin tsananin zafi ko sanyi, kuma danshi na shiga ciki, ya ɓoye shekara da shekaru. Mai gwajin da ya fita da yamma cikin iska mai daɗi ya harba ɗari biyu ba zai taɓa ganin wannan ba. Haka bindigar Hudson H9 da ta burge masu gwaji a bajekolin 2017. Sun yaba kunamarta da yadda take zama a hannu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne halin da asusun kamfanin ke ciki. A 2019 ya durƙushe, waɗanda suka biya sama da dala dubu suka rasa mai gyara da kayan gyara.

Akwai kuma uban gida na biyu da ba a cika ambata ba, wanda ya fi kamfanoni tsanani: masu kallon kansu. A Fabrairun 2007 Jim Zumbo, wanda ya shafe shekaru da dama yana rubutun farauta a mujallar Outdoor Life, ya rubuta cewa bindigogi irin AR ba su da wuri a dajin farauta, har ya kira su bindigogin 'yan ta'adda. Cikin mako guda ya rasa aikinsa a mujallar, Remington ya yanke hulɗa da shi, aka dakatar da shirinsa na talabijin, duk da haƙurin da ya bayar. A ƙarshen 2013 Dick Metcalf na Guns & Ammo ya rubuta cewa kowane haƙƙi a tsarin mulki yana da iyaka, har da na riƙe bindiga, ya kuma goyi bayan tilasta horo kafin a ba mutum izinin yawo da ita. Aka kore shi cikin kwanaki, editan da ya buga rubutun ma ya sauka. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa manyan kamfanoni biyu sun yi barazanar janye tallansu. Duk mai sana'ar nan ya haddace waɗannan labarai biyu. Zai iya ce maka kunamar wane tana da tauri, gilashin wane yana tsagewa. Ba zai taɓa tambayar ko wannan kayan ya dace ya shiga hannun kowa ba.

Wannan ne ya fi damuna a lamarin. Yardar da aka samu ta hanyar faɗin gaskiya kan ƙananan abubuwa tana rufe babbar tambayar da ba a yi. Mutumin da ya sayi bindigarsa ta farko a 2020 saboda tsoro ya sami amsa mai kyau kan wace zai saya, wane kube, wane harsashi. Bai sami wanda zai zauna da shi kan ko ya kamata ya ajiye ta a gidan da ke da matashi mai fama da damuwa ba, alhali cikin mutum 48,830 da bindiga ta kashe a Amurka a 2021, sama da rabi kansu suka kashe. Akwai masu gwajin da ke nanata horo da kulle bindiga a akwati, kuma sun cancanci yabo. Amma tsarin da ke ciyar da su yana biya ne idan an saya, an kuma sake saye. Tocilar bara tana nan tana haske, sai dai ba ta da bidiyo a bana.

Rikicin P320 bai ƙare da gyaran 2017 ba. A Afrilun 2023 binciken haɗin gwiwa na jaridar Washington Post da kafar The Trace ya tattaro fiye da mutum 100, ciki har da 'yan sanda da dama, da ke cewa bindigar ta tashi ba su taɓa kunama ba, sau da yawa tana cikin kube. A 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Jojiya suka ba wani mai ƙara dala miliyan 2.35, na Filadalfiya suka ba wani miliyan 11. SIG Sauer ya tsaya kai da fata cewa bindigar ba ta tashi sai an ja kunama, ya kuma yi nasara a wasu ƙararrakin. A Maris 2025 ya fitar da sanarwa mai zafi yana ɗora laifin a kan lauyoyi masu neman kuɗi da masu adawa da bindiga, abin da ya harzuƙa hatta masu kallon da ba a taɓa zargi da ƙin bindiga ba. Masu gwaji suka rabu: wasu na kwance ta gunduwa-gunduwa a gaban kyamara suna neman aibin, wasu na kare ta, wasu da ke da hulɗa da kamfanin suka ja bakinsu, masu kallo kuma suka shiga lissafa waɗanda suka yi shirun. Hukumar horar da 'yan sandan jihar Washington ta hana shiga makarantarta da ita. A Mayun 2025 kuwa jihar New Hampshire, inda hedikwatar kamfanin take, ta kafa dokar da ta taƙaita irin ƙarar da za a iya shigar da masu ƙera bindiga a kan rashin sa mata wasu makullan kariya.